M78 ya ƙi fitowa da shuɗinsa, in sayi filta ne ko yaya?

Ɗan Kurna:
Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sanyi. Ga M78 ɗin da na ce zan gwada, nebular nan, wato gajimaren sararin samaniya, da ke rukunin taurarin Orion, daga saman benen gidanmu na ɗauka, kyamara ce irin ta masu hoton biki da lens 200mm a kan ƴar na'urar bin taurari, sakan 60 kowane hoto, na tara kusan awa 2 na haɗa a manhajar Siril. To ku duba ku gani, taurari biyun nan na tsakiya sun fito tas amma shuɗin nan da ake gani a hotunan mutane babu shi, wani toka-toka ne kawai, in na ja hasken kuma sai duk hoton ya koma ruwan ƙasa da tsaki-tsaki. Abin da ya ɗaure min kai M42, babbar nebular nan, da awa 1 ma ya fito min da kyau kuma duk a Orion suke. Akwai wanda zai sayar min da filta mai layi biyu na hannu, na ce kafin in tura kuɗi bari in ji ta bakinku.

Bazazzagi:
Wa alaikumussalam. Ka saya kawai ɗan'uwa kar ka tsaya wata-wata, duk wanda yake ɗauka a cikin gari ba shi da makawa sai da filta. Ni tun da na saka tawa na daina damuwa da fitilun unguwa, nebular Rosette na ɗauka ana farin wata ma kuma ya fito ja wur.

Injiniya:
Bazazzagi Allah ya shirye ka, za ka sa yaro ya yi asarar kuɗinsa. Rosette daban M78 daban. Ɗan Kurna riƙe kuɗinka tukuna.

Bazazzagi:
To fa. Nebula ai nebula ce yallaɓai.

Malam Fiziks:
A'a ba ɗaya ba ne, kuma a nan ne duk maganar take. Rosette da M42 da kansu suke ba da haske. Akwai taurari masu tsananin zafi a cikinsu da suke dukan iskar haidirojin har ta riƙa haskawa, kuma hasken nan a siririn layi guda yake fita, jan nan na nanomita 656 (ma'aunin tsawon zangon haske ke nan), sai na oksijin wajen 500. Filtar da kake magana ƙofa biyu ƴan mitsi-mitsi ta buɗe daidai wuraren nan ta toshe sauran, shi ya sa take kashe fitilar unguwa ta bar maka nebula.

M78 kuwa ba ya ba da hasken kansa. Ƙura ce. Taurari biyun da ka gani a tsakiya, HD 38563A da HD 38563B, su suke haska ta, zafinsu bai kai su kunna haidirojin sosai ba sai dai haskensu ya bugi ƙurar ya watsu ya iso gare mu. Kun san yadda fitilar mota take yi da daddare a cikin hazo, ka ga haske ya yi kumburi kewaye da ita alhali ƙurar ba wuta gare ta ba? To shi ne. Hasken tauraro kuma ya ƙunshi dukkan launuka tun daga 400 har 700, in filtarka tana barin 7 nan 7 can ka ga 14 ke nan cikin 300, ko kashi 5 cikin 100 bai cika ba. Ka jefar da abin da ka fito nema da hannunka.

Bazazzagi:
Amma Malam ai fitilar unguwar ma an jefar da ita, an yi ragas.

Malam Fiziks:
An yi ragas ɗin shi ne matsalar. An rage fitila an rage nebula daidai wa daida, bambancin da ke tsakaninsu bai ƙaru ba, sai ma ƙarancin haske da zai ƙara maka tsaki-tsaki. A Rosette fitila ce kaɗai take raguwa nebula tana nan yadda take.

Injiniya:
Kuma ko tsofaffin filtocin nan da aka yi don fitilun titi masu ruwan lemo yanzu ba sa wani aiki, waɗancan fitilun sodiyam ne haskensu a layi ɗaya yake wajen 589 ana iya datse shi. Yanzu ko ina LED ne, na sola a titi, na gidaje, na masu shayi, shi kuma LED fari ya bazu ko ina a launuka har da shuɗin da kake nema.

Maman Ilham:
Ni dai ban da kyamara ina bin ku ne kawai don ina son abin, amma Malam tambaya, me ya sa shuɗi? ƙurar da muka sani ai ja ce ko ruwan ƙasa.

Malam Fiziks:
Hajiya tambayar mai kyau ce. Ƙurar can ba irin tamu ba ce, ƙwayoyinta sun fi kusa da hayaƙi saboda ƙanƙanta, ba su kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba, na kabon ne da ma'adinan dutse. Abu in ya yi ƙanƙanta haka shuɗin haske ya fi saurin watsawa a kan ja, kusan dalilin da ya sa samanmu take shuɗiya da rana ke nan. Ga shi kuma taurarin da suke haska ta dama fari ne mai shuɗi-shuɗi, sai abin ya haɗu biyu. Wani Ba'amurke Vesto Slipher ne a 1912 ya auna hasken hazon da ke kewaye da Kaza da ƴaƴanta ya tarar iri ɗaya ne sak da na taurarin, daga nan aka gane aro ne.

Maman Ilham:
Au, wato Kaza ma tana da irin wannan? Ikon Allah. Tun muna yara muke ƙirga ƴaƴanta a tsakar gida.

Malam Fiziks:
Tana da shi sosai, in aka ɗauka da kyamara za ki ga shuɗi ya lulluɓe su. Sai dai bambancin, ita Kaza ratsawa kawai take yi ta cikin wani gajimaren ƙura da ta tarar a hanya, ba a cikinsa aka haife ta ba, shekarunta sun kai wajen miliyan 100. M78 kuwa ɗakin haihuwar ne da kansa, yanzu haka ana kan yi.

Ɗan Kurna:
Na gode Malam, na fahimci batun filta. To amma mafita fa? don in ba filta ban ga abin da zan yi da hasken Kano ba, ko an ɗauke wuta ma minti 5 ba a yi janareto sun tashi.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum mutanen Kano. Mafita biyu ce babu ta uku, duhu da haƙuri. Ga nawa na bara, ƙauyen kakannina na tai na ɗauka, babu kuran (wutar lantarki) babu komi, kayan aikina ba su fi naka ba. Dubi baƙin layin nan da ya ratsa ta saman shuɗin ya lanƙwashe, da wani ƙaramin haske daga arewa shi ne nebular NGC 2071, sai ƴan ƙananan NGC 2064 da NGC 2067 a gefe. A gari ban taɓa samun baƙin layin nan ba don shi sai sama ta yi duhu sosai kake rarrabe baƙin ƙura da baƙin sama.

Maman Ilham:
Masha Allah, wannan kam ya yi kyau wlh.

Injiniya:
Lissafin ma mai sauƙi ne. In saman ƙauye ta fi ta gari duhu sau 6, awa 1 a can daidai take da awa 6 a kan benenku. Kuma tsaki-tsakin nan ba ya raguwa daidai da lokaci, in kana so hoton ya ninka kyau sau 2 sai ka ninka lokaci sau 4. Wato daga awa 2 ɗinka sai ka kai 8 kafin ka ga canji na a zo a gani, daga 8 kuma sai 32. Ka ga ai kuɗin filtar nan gara ka zuba shi a mai ka fita bayan gari.

Bazazzagi:
Bayan gari da daddare a wannan zamanin? Injiniya kana magana kamar ba a ƙasar nan kake ba. Ni wlh ba zan ɗauki ƙarfe mai ƙafa uku in shiga daji ƙarfe 2 na dare ba, ko ba ka gamu da mugu ba ƴan sintiri ma sun ishe ka tambaya.

Injiniya:
Ban ce daji ba. Garin da kake da dangi, ka isa da rana, ka gaida mai unguwa ka gaya masa abin da ya kawo ka, ka kafa kayanka a cikin gida ko filin makaranta, yara su zo su leƙa. Ba a buƙatar nisa mai yawa, ka dai bar hasken birni a bayanka ta arewa tunda abin da kake ɗauka ta kudu yake bi.

Admin:
Don Allah duk wanda zai fita ya sanar da wani inda za shi kuma kar a tafi mutum ɗaya. A ci gaba.

Ɗan Damagaram:
Wani abu kuma da ba ku faɗa ba, hazo. Ɗan Kurna yaushe ka ɗauki naka? don ruwan ƙasan nan da kake kuka da shi ni ina ganin buji ne ba fitila kaɗai ba. Lokacin hunturu kana iya ganin taurari da ido ka ɗauka sama garau take alhali ƙura na nan sama tana cinye shuɗi, ta kuma maido da hasken gari ƙasa.

Ɗan Kurna:
Satin nan ne, kuma gaskiya da yamma rana ta yi fari fat tun kafin ta faɗi.

Ɗan Damagaram:
To ka gani. In ka iya kallon rana da ido tun la'asar sakaliya kar ma ka wahalar da kanka daren nan. Ni lokacin da na fi so ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, ruwa ya wanke sama hazo bai sauko ba, sai dai Orion ba ya kaiwa tsakiyar sama sai wajen ƙarfe 3 na dare, ka yi ta ɗauka har kiran assalatu. Tsakiyar Disamba ƙarfe 12 yake tsakiyar sama, Fabrairu tun bayan isha'i, amma sai ka yi ta dakon daren da iska ta kwanta.

Malam Fiziks:
Kuma mu gode wa Allah da inda ya ajiye mu. M78 kusan a kan layin ikwaita na sama yake, daga Kano yana hawa har digiri 78, kusan tsakar ka. Mutumin Landan da duk tsadar kayansa digiri 38 yake samunsa, ta cikin iska mai kauri yake leƙensa.

Injiniya:
Sai dai abin da aka ba mu ta nan an karɓe ta can, tauraron arewa da muke saita na'ura da shi digiri 12 kawai yake daga ƙasa, katangar maƙwabci ma ta isa ta tare shi balle hazo. Ɗan Kurna na zuƙo hotonka na ga taurarin gefe sun ɗan ja wutsiya, ka duba saitin. Masu Seestar, ƴar na'urar hangen nesan nan mai ɗaukar hoto da kanta, kuma ku sani in abu ya kusa tsakar ka hoton yana juyawa da sauri gefuna su lalace, gara ku kama shi yana hawa ko yana gangarowa, kuma ku tabbatar filtar cikinta a kashe take in M78 za ku ɗauka.

Shakka Babu:
Ni fa ku yi haƙuri zan faɗi abin da ke raina. Duk hotunan nan ba fenti ba ne? Na taɓa leƙa madubin hangen nesan wani a nan guruf ɗin, abin da na gani ɗan farin tabo ne kamar hayaƙi, babu shuɗi babu ja. Sai mutum ya shiga kwamfuta ya kwana yana ja nan yana ja can ya fito da abu kamar zanen atamfa ya ce wai sama ce. In ido bai gani ba daga ina launin ya zo?

Bazazzagi:
Hhhh yau ga wanda ya fi ni tsokana.

Malam Fiziks:
Ba tsokana ba ce, tambaya ce da ya kamata a yi. Idon mutum in haske ya yi rauni ba ya rarrabe launi, ka fita tsakar gida cikin duhu ka duba jar riga ka gani ko ja za ka gan ta. Kuma ido ba ya tara haske, abin da ya shigo yanzu ya wuce ke nan. Kyamara tana buɗe baki sakan 60 tana tarawa, a maimaita sau ɗari a haɗa. Launin yana nan tun asali, rauni ne da shi. A Siril ma akwai inda manhajar take gane taurarin da ke cikin hotonka ta kwatanta da launinsu da aka riga aka auna a kundin taurari ta daidaita, ba son ranka ba. In bayan wannan M78 ya fito shuɗi to shuɗi ne.

Shakka Babu:
To hoton M78 na Euclid, madubin hangen nesan nan da ke sararin samaniya, da aka yi ta yaɗawa fa? shi ai har da ruwan hoda da lemo.

Malam Fiziks:
Wannan kana da gaskiya rabi. Hoton da hukumar sararin samaniya ta Turai ta fitar a Mayun 2024, yawancinsa da hasken infared aka ɗauka wanda ido ba ya gani kwata-kwata, dole a ara masa launi kafin mu gani, kuma ba su ɓoye ba sun faɗa. Amfaninsa infared yana ratsa ƙura, inda Ɗan Damagaram ya samu baƙin layi su taurari jarirai suka gani a ciki birjik.

Injiniya:
Inda ni nake tare da Shakka Babu shi ne masu cika wa hoto gishiri. Ka ga an ja launi har shuɗin ya koma na bulo, an mai da bayan hoton baƙi ƙirin an kashe duk siririyar ƙurar da ke wurin, sannan a kawo manhajar AI ta ƙirƙiro zare-zaren da kyamarar ba ta kama ba. Wannan kam zane ne. Goge tsaki-tsaki daban, ƙirƙiro abin da babu daban.

Shakka Babu:
To a riƙa rubutawa a ƙasan hoto me aka yi masa mana.

Admin:
Wannan shawara ce mai kyau, daga yau duk mai saka hoto ya faɗi kayan aiki da lokaci da manhajar da ya bi da shi.

Maman Ilham:
Malam ka ce ɗakin haihuwa ne ka wuce, ni nan nake jira. Yaya ake haihuwar tauraro?

Malam Fiziks:
Afuwan Hajiya. Shuɗin da muke gani ɗan yanki ne kawai da aka haska na wani makeken gajimare mai duhu da ake kira Orion B, shi ne dai ya miƙa har wajen nebular Kan Doki kusa da taurari ukun nan da suke jere. Nisansa tafiyar haske ta shekara kusan 1,350, wato hasken da ya shiga kyamarar Ɗan Kurna ya baro can tun wajen zamanin daular Umayyawa. Cikin gajimaren sanyi ne na fitar hankali, wajen digiri 260 ƙasa da sifili, kuma sanyin nan shi ne sirrin, don iska in tana da zafi bazuwa take, in ta yi sanyi sai nauyinta ya rinjaye ta ta fara dunƙulewa. Tana dunƙulewa tana juyawa, sai ta yi faifai kewaye da cibiya, cibiyar tana haɗiyar abin da ke faifan tana ƙara zafi. Wani ɓangare kuma ba ya shiga, sai a feso shi ta sama da ƙasa da gudun ɗaruruwan kilomita a sakan, in ya daki iskar da ke gaba sai wurin ya yi haske. Waɗannan su ake kira Herbig-Haro, sunan masana biyu da suka yi nazarinsu, George Herbig da Guillermo Haro ɗan Meziko. An ƙirga 17 a yankin M78, da taurari ƙanana irin T Tauri wajen 45, waɗanda ko fara ƙona haidirojin ba su yi ba tukuna.

Bazazzagi:
Tsaya Malam, waɗannan Herbig ɗin ba ja ba ne? ba haidirojin ba ne?

Malam Fiziks:
Ja ne, suna haskawa a layin 656.

Bazazzagi:
Alhamdulillah! To ashe filtata tana da aiki a M78. Ga kuma jan bakan nan na Barnard, makekiyar nebular haidirojin da ta lanƙwashe, da ya ratsa ta gefensa, da lens 200 dole ya shigo hoton. Injiniya sai ka ba ni haƙuri.

Injiniya:
Ba zan bayar ba hhh. Eh masu kayan aiki suna yin haka, su ɗauki awanni babu filta don shuɗi da ƙura, su ɗauki wasu da filta don ja, su haɗa. Amma wannan ƙari ne bayan an samu tuwon. Yaron nan shuɗi ya ce yana nema. Kuma kyamararsa ta biki akwai gilashi a gaban sensa da yake tare yawancin jan nan tun daga kamfani, ko ya sa filtar sai ya sha wahala.

Ɗan Damagaram:
Tunda an zo nan bari in ba ku labarin da ya sa ni nake komawa M78 duk shekara. Janairun 2004 wani mai sha'awa kamar mu, Jay McNeil, a bayan gidansa a jihar Kentucky ta Amurka, da ɗan madubi mai faɗin inci 3 yana gwada ɗaukar M78, sai ya ga wani ɗan haske kudu da shi wanda babu a hotunan da ya sani. Ashe wani jaririn tauraro ne, V1647 Orionis, ya haɗiyi abu da yawa lokaci guda ya yi walƙiya ya haska ƙurar da ke kansa. Har yau da sunansa ake kiran nebular. Da aka koma tsofaffin hotuna sai aka same ta a wani na 1966. Ta dushe a 2006, ta dawo 2008, a Nuwamban 2018 aka neme ta aka rasa. Inci 3 fa jama'a, bai fi naku ba.

Shakka Babu:
To ka ga irin wannan ai shi ya sa nake magana, da AI ya goge masa ita ko ya ƙirƙiro masa wata wa zai yarda da shi.

Ɗan Kurna:
Wlh na ƙaru. Filta dai na ce wa mai ita ya dakata. Ina da ƴan'uwa wajen Ɗambatta, in wata ya yi duhu kuma hazo ya yi sauƙi zan je can in kwana. Injiniya in bar sakan 60 ɗin ko in ƙara?

Injiniya:
In ka gyara saitin arewa ka gwada 90 ko 120 tunda can sama ba za ta cika maka hoto da wuri ba, in taurari suka fara wutsiya ka koma 60 babu laifi, jimillar lokaci ita ce magana. Ka rage buɗin lens ɗin kaɗan taurarin gefe su daidaita. Kar ka manta da hotunan farin ƙyalle, waɗanda ake ɗauka don goge ɗigon ƙura daga hoto, kafin ka taɓa fokas, lokacin ƙura ne kowane ɗigo da ke kan sensa sai ya fito in ka ja hoto. Amma Ɗambatta arewa take da Kano, hasken birni zai zauna maka ta kudu daidai inda Orion yake bi, ba ka da kowa wajen Rano ko Kura?

Ɗan Kurna:
Akwai yayar babarmu a Rano, bari in kira ta.

Ɗan Damagaram:
Ka tafi da batir na biyu da bargo. In ka dawo ka turo min ɗanyun fayilolin kafin ka taɓa su, ina son in duba wurin McNeil in kwatanta da nawa na bara.